Sulhun da Kawu Ya Yi a Catford

Ƙungiyar makaɗan da na fi so a duniya ta watse kwana tara bayan Kawu ya sauka a Landan, kuma har yau ban fasa ɗora masa rabin laifin ba.

Shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin mai ya yi wa gwamnati yawa har ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta shiga tura mutane kwas ƙasashen waje. Ni karatun safiyo aka turo ni, ina zaune a wani ɗaki a Camberwell, saman shagon wani mai gyaran takalma. Da niyyar karatu kaɗai na zo, Allah ya sani. Sai wani ɗan ajinmu ya ara mini faifai. A jikin kwalin Turawa ne huɗu, gashi har kafaɗa, kowa ya ɗaure fuska kamar an ci masa tuwo. Kiɗan da suke yi shi ake kira rok. Da na fara sa shi na ɗauka garmahon ne ya lalace. A ji na uku na manta da shinkafa a kan wuta.

Mai gangarsu ne ya kama ni. Na tashi a unguwar da ake dambe duk bayan girbi, kunnena ya san kalangu, ya san yadda makaɗi yake jan kiɗa baya kaɗan don ya tsokano ɗan dambe, sannan ya sake shi gaba ɗaya. Wannan Baturen haka yake yi. Akwai wata waƙa a faifansu na ƙarshe da kowa yake yin shiru a tsakiyarta a bar ganga ita kaɗai. Na maimaita wurin har allura ta ci shi.

Ban taɓa ganinsu ido da ido ba. Da aka ce za su yi wasa a Landan na bi layi rabin yini cikin yayyafi na sayi tikiti, na adana shi cikin fasfo, saboda ba ni da wurin da ya fi shi daraja. Ana saura kwana uku sai ga waya daga gida: Kawu yana tafe kwas na wata shida, a je a tarye shi. Na duba ranar saukarsa, na duba tikiti, na sake dubawa ko ɗaya zai canza. Rana ɗaya ce.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma shi ya kai ni makaranta da hannunsa. Ba mutumin da za ka bar wa takarda a filin jirgi ba ne ka ce ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na je. Jirgi ya makara, kaya suka makara, ma'aikatan filin jirgi suka tsaya nazarin ƙunshin daddawa kamar za su rubuta littafi a kanta. Da na kai shi masaukinsa a Peckham sai da na nuna masa alƙibla, na koya masa kunna murhun gas, sannan ya zaunar da ni ya isar mini da gaisuwar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda na tabbata ba su aiko ba. Tikitin yana aljihuna ina jin sa kamar ƙurji. Na lallashi kaina da cewa za su sake yin wani wasan. Ashe wannan ne na ƙarshe. Jarida ta ce mai waƙar da mai gangar, waɗanda wa da ƙani ne, sun yi baram-baram, kowa ya kama gabansa. Ni kuma wata huɗu ya rage mini in koma gida.

Na yi baƙin ciki na gaske, ba zan ɓoye ba. Abin dariya ne ga wanda bai taɓa son irin wannan abu ba, amma ni ji na yi kamar an rushe wani gida da na daɗe ina shirin shiga. Ranar Juma'a bayan masallaci na je gaida Kawu, ya zuba mini abinci na kasa ci.

"Wa ya mutu?" in ji shi.

A nan shaiɗan ya raɗa mini. Kawu ya yi shekara ashirin yana magatakarda a kotun alƙali kafin a mai da shi ma'aikatar ƙananan hukumomi, kuma sulhu ya zame masa kamar goro, in bai yi ba kansa ciwo yake. A gida ko kaji ya ga suna faɗa sai ya tsaya jin ba'asi. Tun da ya zo Landan bai sami ko saɓanin miji da mata ba, kwas ɗin nasu kuma kan yadda ake jera fayil ne. Na ga mutum yana jin yunwar aikinsa, sai na kwantar da murya.

"Ba mutuwa ba ce, Kawu. Wasu bayin Allah ne, wa da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya. Yanzu ko gaisuwa ba ta haɗa su."

Ya ajiye cokali. "Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Ciki ɗaya. Har aikin da suke yi tare duk an yi cancel."

"Mece ce sana'arsu?"

"Makaɗa ne."

Ya gyara zama. "To, makaɗi ma mutum ne. Mahaifiyarsu tana raye?"

Ban yi masa ƙarya ko ɗaya ba. Abin da kawai ban faɗa ba shi ne lissafina: in 'yan'uwan suka shirya, sauran biyun za su dawo, a sa ranar wasa kafin in tafi. Tambayarsa kuwa ina da amsarta, don masoyi ya fi ɗan sandan ciki bin diddigi. Tsohuwar tana da ɗan shago a Catford inda take sayar da zaren saƙa da maɓallai. Sau uku ina wucewa ta ƙofar kamar mai neman adireshi.

Ranar Asabar da hantsi Kawu ya sa kwat ɗin sanyi, ya ɗora babbar riga a kansa, har ya koma kamar mutum biyu. Ya zaɓi goro fari manya daga cikin wanda ya zo da shi, ya ƙunshe a hankici. A cikin bas ya gaya mini tsarin aiki. Shi ba zai yi Turanci ba.

"Amma Kawu, ai ka fi ni Turanci."

"Babba ba ya sulhu da bakinsa kai tsaye. Ni zan faɗa, kai ka isar. Kafin magana ta zagayo ta bakinka, mai fushi ya ɗan huce."

Tsohuwar 'yar ƙarama ce, tabarau yana rataye a wuyanta da igiya. Kawu ya yi sallama ya fara gaisuwa, ni ina isarwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi, yaya kasuwa, yaya iyali, yaya maƙwabta. Ta amsa biyun farko, daga nan ta ce ta gode amma ba ta sayen komai, kuma tana da cocinta. Kawu bai ko girgiza ba. Ya ajiye goron a kan teburin shagon, ya ce, "Gaya wa Iya mun ji 'ya'yanta biyu ba sa magana. Ba su san mu ba, ba mu san su ba. Amma a wurinmu ba a jin irin wannan a wuce."

Ta dubi goron, ta dube shi. Sai ta zagaya ta juya allon ƙofa ya nuna an rufe, ta ɗora ruwan shayi.

Ta ce tun da abin ya faru 'yan jarida sun zo, 'yan mata sun zo suna kuka a bakin shagon, samari masu gashi sun zo, kowa tambayarsa ɗaya: yaushe za su sake kiɗa? Ba wanda ya tambaye ta yaushe za su sake zama a teburinta su ci abinci. Na isar wa Kawu wannan magana da 'yar ƙaramar murya, ina kallon maɓallai. Kafin mu tashi ta ce za ta kira kowannensu cin abincin rana ranar Lahadi ta sama, ba tare da ta gaya masa ɗayan zai zo ba. Goron kuwa ta tambaya ko gasa shi ake yi.

Ranar Lahadin mun riga kowa zuwa gidan. Na ɓoye faifaina a cikin kwat don a sa mini hannu. Babban ya fara isowa a wata doguwar mota, ƙaramin ya zo a ƙafa. Kawu ya leƙa ta taga ya ga gashin, ya juyo gare ni.

"Waɗannan su ne mazan?"

"Su ne, Kawu."

"Ikon Allah."

Ƙaramin yana shigowa falo ya ga wansa, sai ya juya zai fita. Ya tarar Kawu ya riga ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa, ya baza riga, yana jan carbi. Ba tsare hanya ya yi ba, zama kawai ya yi, amma sai ka tsallake dattijo kafin ka fita, kuma ashe ko ɗan rok yana jin nauyin wannan. Uwar ta ce, "Ku zauna. Wannan mutumin daga Afirka ya zo saboda ku." Ba haka abin yake ba sosai, amma ban ga dalilin gyara mata ba.

Kawu ya ce za a ji kowa shi kaɗai, ƙarami da farko. Muka shiga kicin mu uku. Ga ni ga mai gangar da na yi shekara biyu ina bauta wa kunnena da shi, tsakaninmu tukunyar dankali kawai. Na riga na haddace abin da zan gaya masa in na sami sarari: cewa wurin nan na waƙar nan, inda ake barin ganga ita kaɗai, ba a taɓa yin kamarsa ba.

Allah ya taimake ni, mai gangar ya riga ni magana. Ya ce a makon da ake ɗaukar faifan ƙarshe hannunsa ya kumbura, likita ya ce ya huta. Da ya dawo aka ce masa an gama, an yi amfani da abin da ya kaɗa tun farko. Ashe wansa ya ɗauko wani makaɗin haya a ɓoye ya kaɗa waƙa ɗaya. Faifai ya fito, duniya ta ɗauka, kuma waƙar da aka fi yabonsa a kanta ita ce wadda ba shi ya kaɗa ba. Ya ji a jikinsa ba hannunsa ba ne, ya tambaya, wansa ya rantse masa nasa ne. Sai da makaɗin hayar da kansa ya gaya masa. Ya faɗi sunan waƙar.

Waƙar nan tawa ce, wadda ake barin ganga ita kaɗai. Kawu ya zungure ni da gwiwar hannu. "Me ya tsayar da kai? Isar."

Na isar, faifan yana soka mini haƙarƙari ta cikin kwat.

Babban bai musa komai ba. Ya ce kamfani ne ya matsa, ya yi niyyar faɗa washegari, sai washegari ta zama mako, sai jaridu suka fara yabon ƙaninsa, daga nan kuma ta ina zai fara? Kawu ya tambaye shi sau nawa ya je gidan ƙanin tun da suka rabu. Ya ce ya aika lauya. Na isar, Kawu ya ce in sake tambaya, wataƙila ban ji daidai ba.

Aka koma falo, uwar tana zaune a tsakiya. Kawu ya gyara murya ya yanke, ina bin sa jimla jimla. Babba ne da laifi, laifi biyu: ya ɓoye, kuma ya rantse a kan ƙarya. Zai miƙe tsaye gaban mahaifiyarsa ya faɗi haka da bakinsa, ba da bakin lauya ba. Ƙarami kuma, ko da yake shi aka cuta, shi zai fara miƙa hannu, don ƙarami ne, kuma fushin da ya hana uwa ganin 'ya'yanta a tebur ɗaya ya wuce iyakarsa.

Kawu ya gama. Ni ban gama ba. Da irin muryar da nake isar da hukuncin, ban ko ƙifta ido ba, na ƙara da Turanci cewa dattijon ya ce kuma lallai su koma su ci gaba da kiɗa tare, su sa ranar wasa a Landan cikin wata huɗu.

Sai Kawu ya buɗe baki da Turancinsa na fayil, mai kama da wasiƙar gwamnati. Ya sanar da mutanen gidan cewa jimlar ƙarshe ba daga ofishinsa ta fito ba, ta tafinta ce, kuma a yi watsi da ita.

Ido huɗu na 'yan'uwan, da biyu na tsohuwa, da biyu na Kawu, duk suka sauka a kaina. Na so ƙasa ta tsage. Babban ne ya fara fashewa da dariya, ƙaramin ya yi ƙoƙarin riƙewa ya kasa. Dariyar farko da suka yi tare tun rabuwarsu, a kaina suka yi ta. Tun da asiri ya tonu na zaro tikitin daga fasfo na ajiye a tebur na ba da labarinsa, har da daddawa.

Kawu ya saurara har na gama, ya juya ga 'yan'uwan. Ya tambayi babban ko yana son ƙungiyar ta dawo. Ya ce a'a, ya gaji, kunnensa ɗaya ma ya fara mutuwa. Ya tambayi ƙaramin. Ya ce shi ko kyauta aka ba shi ba ya so. Uwar ba ta jira an tambaye ta ba.

"Ka ji," in ji Kawu da Hausa. "A ɗakin nan mutum ɗaya ne yake son abin nan ya dawo, shi kuma ba ɗan gidan ba ne."

Babban ya miƙe ya faɗi laifinsa da wannan muryar da take cika filin wasa. Ƙaramin ya miƙa hannu. Kawu ya hana a raba musu abinci, ya sa aka juye nama da dankali a faranti ɗaya suka ci tare. Bayan nan ya ɓare goro ɗaya ya ba kowa ɓari, suka tauna fuska a yamutse, uwar tana share hawaye tana dariya. Na yi musu murna, wallahi na yi. Amma ina zaune ina kallon ana binne ƙungiyata da hannun mutumin da na ɗauko ya tashe ta.

Mun fara haramar tafiya sai Kawu ya ce akwai sauran aiki ɗaya. Shi bai taɓa ganin alƙali ya yanke hukunci a kan gona bai je ya taka ta ba. Yana son ya ji waƙar da aka yi rigimar a kanta. Bai kalle ni ba da yake faɗa, ni ma ban kalle shi ba da nake isarwa.

A garejin bayan gidan tsohuwar ta ajiye gangunansu na yarinta, tsakanin kwalayen zare. Aka share ƙura, babban ya jona wata tsohuwar jita. Aka ba Kawu kujera, ni na tsaya jikin ƙofa. Ƙaramin ya buga sanduna sau huɗu, suka shiga.

Ba zan iya kwatanta shi da faifai ba. Mutum biyu ne kawai, gangunan sun tsufa, rufin kwano yana amsawa, amma kiɗan a ƙirjina yake sauka. Mai gangar ya ja shi baya kaɗan, daidai yadda na sani, ya sake shi. To wannan dai nasa ne, ba na haya ba. Na tsinci kaina ina hawaye gaban Kawu, abin da ban yi ba ko ranar da ya kai ni makarantar kwana. Baiti na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Jita ta fara janyewa. Saura numfashi ɗaya a bar ganga ita kaɗai.

Kawu ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Na gani. La'asar ta yi."

Suka tsaya cak, kamar yara gaban hedimasta.

A cikin bas na yi kicin-kicin da fuska har muka bar Catford. Daga baya na kasa daurewa. "Haba Kawu! Daidai wurin fa aka zo. Minti ɗaya kawai."

"Na san an zo wurin," ya ce. "Ban san kiɗanku ba, amma na ga ƙaramin ya fara cije leɓe, babban ya fara satar kallon hannunsa. In ya kaɗa da kyau, zai ce wa wansa ka gani, da ka jira ni. In ya kuskure, wan zai ce a ransa ka ga dalilina. Ta ko'ina sabon faɗa ne. Kai waƙa ka zo ji. Ni sulhu na zo yi."

Ya sa ɗan yatsa ya sosa kunne. "Kuma kaina ya fara ciwo."

Ƙungiyar ba ta dawo ba. Na koma gida a lokacin da aka ɗiba mini, da tikitin da ba a yaga ba da faifan da na manta ban ba su sun sa hannu ba. Tsohuwar ta yi shekaru tana aika wa Kawu kati duk Kirsimeti, wani lokaci da hoton 'ya'yan nata a tebur, gashin yana raguwa shekara shekara. Yakan nuna wa baƙi ya ce wasu makaɗa ne da ya shirya a Ingila, kamar dai rigimar kan iyakar gona ce. Ina kewar ƙungiyar har yanzu, kuma na daina jin kunyar faɗa. Rabin waƙa shi ne duk abin da na samu daga gare su.

Yanzu jikokina sun sa mini waƙoƙin a waya. In wannan ta zo ina bin ta baiti baiti, har jita ta fara janyewa, sai in ce su tsayar. Sun ɗauka ba na son wurin ne. Ba su san Kawu ba, ya rasu kafin a haife su. Tun da ya rasu ni nake ɗaga masa hannun.